Kalmar Shokubutsu: Yadda Japananci Ya Sami Sunan Tsirrai

1. Gabatarwa

Wanda ya buɗe ƙamus na Faransanci da Japananci yana neman abin da ake ce wa *plante* ko *végétal*, amsar farko da zai tarar ita ce *shokubutsu*, wadda ake rubutawa 植物. In haddace ta kaɗai yake so, aikin bai taka kara ya karya ba. Amma ranar da ya tsaya hira da manomi a bakin gonar shinkafa, ko da tsohuwa mai ban ruwa ga tukwanen da ta jera a ƙofar gida, zai lura cewa wasu kalmomi ne suka fi saurin zuwa bakinsu: *kusa*, watau ciyawa, da *ki*, watau itace, da *hana*, watau fure. Kowane Bajapane ya san *shokubutsu*, yana kuma faɗinta in ta kama, sai dai har yau ƙamshin makaranta bai rabu da ita ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da mai koyo yake koya a haƙiƙa idan ya koyi wannan kalma: furucinta, da sassan da aka gina ta da su, da maƙwabtanta, da hanyar da ta biyo kafin ta zauna. Dalilin kawo batun gaban masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci kuwa shi ne, Japananci ya taɓa tsayawa inda harsuna da yawa suke tsaye yau: yana da sunan kowane itace da kowace ciyawa, amma ba shi da tsayayyen suna guda da zai haɗa su duka a littafin kimiyya.

2. Furuci

Kalmar tana da gaɓa huɗu, dukkansu gajeru: sho-ku-bu-tsu. Tsawon wasali yana bambanta ma'ana a Japananci kamar yadda yake yi a Hausa, saboda haka kunnen Bahaushe a shirye yake, muddin ya kiyaye bai ja wasalin gaɓar farko ba. A karin harshen Tokiyo murya tana farawa ƙasa, ta hau a kan gaɓa ta biyu, sa'an nan ta sauka a kan biyun ƙarshe.

Tarkon yana ga gaɓar ƙarshe. Baƙin da ake rubutawa *ts* a bokon Hausa ana furta shi ne tare da rufe maƙogwaro, kamar a "tsamiya" da "tsuntsu". Na Japananci ba shi da wannan matsi: *t* ne da *s* a manne, iska tana fitowa daga huhu kai tsaye. Wasalin *u* kuma ba a turo leɓɓa sosai wajen faɗinsa, a ƙarshen kalma ma yakan raunana har da ƙyar kunne ya kama shi.

Rubutun *shokubutsu* da haruffan boko yana bin tsarin da ya ɗauki sunan James Curtis Hepburn, likita ɗan mishan daga Amurka, wanda ya buga ƙamus na Japananci da Ingilishi a 1867. A tsarin da gwamnatin Japan ta tsayar a 1937, ta kuma sabunta a 1954, kalmar ta fito *syokubutu*. Furuci ɗaya ne, ƙa'idar rubutu ce ta bambanta. A misalan da ke tafe, layin da ke bisa wasali alamar tsawo ce.

3. Sassan kalmar

Alamomin rubutu biyu ne suka haɗu suka ba da kalmar, irin waɗanda Japanawa suka aro daga Sin suke kira *kanji*. Ta farko, 植, zane 12 gare ta. Ɓangarenta na hagu shi ne 木, alamar itace. Na dama kuwa 直 ne, mai ma'anar miƙewa, shi ne kuma yake nuna furuci. Ma'anarta dasawa ko kafawa. Ta biyu, 物, zane 8 gare ta, ma'anarta "abu". In an bi ta sassa, *shokubutsu* na nufin abin da aka dasa, abin da ke kafe wuri guda.

Galibin alamomin *kanji* suna da karatu iri biyu: wanda ya zo tare da alamar daga Sinanci, da kuma kalmar Japananci ta asali wadda aka ɗora mata. Alamar 植 ana karanta ta *shoku* a karatun aro, a karatun gida kuwa ita ce ke rubuta aikatau *ueru*, "dasa". Alamar 物 ana karanta ta *butsu* ko *motsu* a karatun aro, *mono* a karatun gida. Ta haka alama ɗaya take fitowa a *shokubutsu* ta masana da kuma *ueki*, "itacen da aka dasa a lambu ko a tukunya", kalmar da masu gyaran lambu suke amfani da ita.

Amfanin wannan gini shi ne, kalmar ba ta zo ita kaɗai ba. Wanda ya gane sashenta na biyu ya sami mabuɗin waɗannan:

*dōbutsu*, abu mai motsi: dabba
*kōbutsu*, abin haƙowa: ma'adini
*seibutsu*, abu mai rai: halitta mai rai kowace iri

Wanda ya gane sashen farko kuma zai fahimci *shokurin*, dasa itatuwa don raya daji, har da *shokuminchi*, "ƙasar da aka dasa mutane", watau ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka. In aka ƙara *gaku*, "ilimi", a ƙarshen kalmar, an sami *shokubutsugaku*, ilimin tsirrai; in aka ƙara *en*, "lambu", an sami *shokubutsuen*, lambun da ake tara tsirrai don nazari.

Akwai wata kalma da ke ruɗa masu jin Ingilishi, watau *puranto*, wadda aka aro daga wannan harshe. A Japananci ma'anarta masana'anta da injunanta, ba ta shafi abin da ke tsirowa ba.

4. Kalmomin gida da hukuncin nahawu

Kalmomin Japananci hawa uku ne: na asali, da na aro daga Sinanci ko waɗanda aka ƙera da sassan Sinanci, da na aro daga harsunan Turai. *Shokubutsu* ta hawa na biyu ce. A hawa na farko abin da ake da shi shi ne *kusa* da *ki*, kuma idan ana son a game su sai a jera su a ce *kusaki*, "ciyawa da itace". Alamomin da ke rubuta wannan, 草木, ana iya karanta su *sōmoku* a karatun aro, kalmar da marubutan dā suka yi amfani da ita ƙwarai.

Wannan ba naƙasa ba ce ta Japananci. A 1973 Brent Berlin da abokan aikinsa, Dennis Breedlove da Peter Raven, waɗanda suka yi bincike tsakanin masu jin harshen Tzeltal a Meziko, sun nuna cewa a rabe-raben da al'ummomi suke yi wa halittu, rukunin da ya fi kowane faɗi sau da yawa ba shi da suna. Manomi yana bukatar bambanta abin ci da guba, da itacen gini da na wuta. Ba safai aikinsa yake tilasta masa ya kira su duka da suna ɗaya ba.

Nahawun harshen ma yana da nasa hukunci. Japananci yana da aikatau biyu masu ma'anar "akwai": *iru* ga mutane da dabbobi, *aru* ga abubuwa marasa motsi. Ana cewa *neko ga iru*, "akwai kyanwa", amma *ki ga aru*, "akwai itace", daidai da yadda za a faɗa game da dutse. Haka nan dabba in ta mutu *shinu* ake cewa, itace kuwa *kareru*, watau bushewa. Saboda haka yaro Bajapane yana zuwa makaranta da harshen da ya ajiye itace tare da dutse, sai malami ya koya masa cewa itace da kyanwa duka *seibutsu* ne. Abin da yake koya a nan sabon rabo ne na halitta, kalmar kuwa ita ce marfinsa.

5. Hanyar da kalmar ta biyo

Alamomin biyu a haɗe sun tsufa. Suna cikin *Zhouli*, littafin Sin kan tsarin sarauta wanda ya haura shekara 2,000, inda aka kasa ƙasa gida biyar, aka ambaci dabbobi da tsirrai da suka dace da kowane gida. Amma ilimin da Japan ta gada daga Sin game da ganyaye bai ginu a kan wannan kalma ba. Sunansa *honzōgaku*, kuma ilimin magunguna ne. Babban littafinsa, *Bencao gangmu* na Li Shizhen, wanda aka buga a 1596, ya bayyana abubuwa 1,892, a ciki har da duwatsu da ƙwari da sassan dabbobi, gama abin da ya haɗa su shi ne amfaninsu ga mai ciwo. Littafin ya isa Japan a farkon ƙarni na 17, a 1709 kuma Kaibara Ekiken ya buga *Yamato honzō*, wanda ya mai da hankali ga abin da ke ƙasar Japan kanta.

Sauyi ya zo ta Nagasaki. Tun daga 1641 ƴan kasuwar Holan ne kaɗai Turawan da gwamnatin Tokugawa ta bari su yi ciniki, aka tsare su a ƙaramin tsibirin Dejima. Ta wannan ƴar ƙofa littattafan likitanci da na kimiyya suka shigo, wasu likitocin Japan kuma suka duƙufa koyon harshen Holan don su fassara su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Udagawa Yōan (1798–1846). Shi ne ake lasaftawa cikin na farko da suka bayyana wa Japanawa cewa malaman Turai suna nazarin tsirrai don sanin ƙirarsu da rayuwarsu, ko suna magani ko ba sa yi, suna kuma kasa masu rai gida biyu, *dōbutsu* da *shokubutsu*. Bai ƙera kalmomin biyu ba. Ya ɗauko su daga tsohon rumbu ya ba su sabon aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi dacewa mai tsara kalmomi ya duba shi ne yadda aka yi ta laluben sunan fannin kansa. A 1822 Yōan ya fitar da wani ɗan littafi, *Botanika-kyō*, wanda ya tsara bisa salon littattafan addinin Buda da ake rerawa. A nan ya ari kalmar Turai da sautinta, ya rubuta ta da alamomi huɗu da aka zaɓa don furucinsu kawai. Kalmar ba ta kama ba, domin ba ta gaya wa mai karatu komai. Cikin shekarun 1830 ya rubuta *Shokugaku keigen*, inda ya ƙera *shokugaku*, "ilimin dashe". A wannan littafi ne ya yi amfani da *saibō*, sunan ƙwayar halitta, wanda yake raye har yau, kamar yadda *sanso* da *suiso*, sunayen da ya ba iskar oksijin da ta haidurojin, suke raye. Amma *shokugaku* ita ma ba ta daɗe ba.

Sunan da ya zauna daga Shanghai ya zo. A 1858 masanin lissafi Li Shanlan da ɗan mishan Alexander Williamson suka buga wani littafi da Sinanci, wanda suka gina a kan aikin John Lindley na Ingila, suka sa masa suna da alamomi uku, 植物學. Ba da daɗewa ba littafin ya shiga Japan, aka karanta sunan *shokubutsugaku*. Fifikonsa a bayyane yake: sunan abin da ake nazari yana zaune cikin sunan fannin ɗungum, kuma ya yi daidai da *dōbutsugaku*, ilimin dabbobi.

Sai hukuma ta ɗora hannunta. A 1872 gwamnatin Meiji ta fitar da dokar makarantun zamani. Lambun Koishikawa, wanda gwamnatin Tokugawa ta kafa a 1684 a matsayin lambun magani, ya koma *shokubutsuen* cikin shekarun 1870, a 1877 kuma ya shiga hannun sabuwar Jami'ar Tokiyo. A 1882 aka kafa ƙungiyar masanan fannin a Tokiyo, a 1887 ta fara buga mujallarta, *Shokubutsugaku zasshi*. Daga littafin farko na Yōan zuwa wannan mujalla shekara 65 ne.

6. Kalmar a makaranta

Tun daga 2010 jerin alamomin *kanji* na amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136, kuma tun daga 2020 ana koyar da 1,026 daga cikinsu a shekara shida ta firamare, kowace alama da ajinta. Alamomin itace da ciyawa da fure, 木 da 草 da 花, na aji ɗaya ne. A makarantu da yawa ɗan wannan aji yakan shuka furen *asagao* a tukunya, ya yi masa ban ruwa, ya zana girmansa. Alamomin 植 da 物, da ta motsi wadda ke cikin *dōbutsu*, sai a aji uku, shekarar da kimiyya take zama darasi mai zaman kansa. Watau yaro yana rubuta abin da ya sani tun daga gida, ya taɓa shi da hannu, kafin a ba shi sunan da ya game shi da ƴan'uwansa.

Sunayen tsirrai ɗaiɗai kuwa an sauƙaƙa rubutunsu. Jerin alamomi 1,850 da gwamnati ta fitar a 1946 ya zo da bayanin cewa a rubuta sunayen dabbobi da tsirrai da *kana*, rubutun gaɓa wanda yaro yake fara koya. A littattafan kimiyya al'ada ta zauna a kan reshensa da ake kira *katakana*. Sunayen kansu yawancinsu na gida ne: *ine*, shinkafa, *matsu*, wani itacen ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura, *sakura*, itacen da furensa ya yi suna. Makino Tomitarō (1862–1957), wanda bai gama firamare ba amma ya zama uban fannin a ƙasarsa, ya tattara irin waɗannan sunaye tare da na Latin a babban littafinsa mai zane-zane na 1940.

Ko sunayen dangogin tsirrai a kan kalmomin gida aka gina su, ta hanyar ƙara *ka*, "dangi". *Ine-ka* shi ne dangin shinkafa, wanda gero da dawa da masara suke ciki. *Mame-ka* shi ne dangin wake, wanda ya haɗa da gujiya da gawo. Ɗalibi ba ya bukatar Latin kafin ya san inda aka dosa.

Tsarin yana da nasa aibi. Kalmomin da aka ƙera da sassan Sinanci ido suke yi wa aiki fiye da kunne. Sautin *shoku* kaɗai yana iya zama dasawa, ko ci, ko sana'a, ko launi, gwargwadon alamar da aka rubuta. *Shokubutsu*, tsiro, da *shokumotsu*, abinci, gaɓa ɗaya ce ta raba su a baki, ko da yake alamominsu na farko ba su yi kama ba. *Kagaku* tana nufin kimiyya, tana kuma nufin ilimin sinadarai, har masana sukan ce *bakegaku* ga na biyun don kada a ruɗe.

7. Abin da ya shafi aikin Hausa

Hausa tana da "itace" ko "icce", da "bishiya", da "ciyawa" ko "haki", tana kuma da ɗaruruwan sunaye ɗaiɗai, waɗanda J. M. Dalziel ya tattara da dama daga cikinsu tun 1916. Idan ana neman suna gamamme, kalmomi biyu ne suke takara. "Shuka" ita ce ta yi daidai da ma'anar 植, amma a Hausa ta tsaya ga abin da hannu ya sa a ƙasa. Kukar da ta fito don kanta a daji ba shuka ba ce. "Tsiro" ta fi faɗi, jam'inta "tsirrai" ya kuma sami gindin zama a littattafan makaranta da rediyo, sai dai a kunnen manomi tsiro ɗan ƙarami ne mai sabon ganye, da wuya ya kira tsohon gawo da wannan suna.

Tarihin *shokubutsu* yana nuna abubuwa huɗu. Na farko, faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma ba laifi ba ne: "abin da aka dasa" bai hana kalmar Japananci ta ƙunshi ciyawar da ba wanda ya dasa ba. Na biyu, kalma takan zauna ne idan ta zo da dangi, watau idan sunan abu da na fanninsa da na wurin nazarinsa sun fito daga tushe ɗaya, ta kuma sami abokiyar gami. "Tsirrai" da "dabbobi", "ilimin tsirrai" da "ilimin dabbobi", suna iya yin wannan aiki. Na uku, sunan gamamme bai kori na gida ba, a kansu ya hau. Littafin karatun manya da ya fara da gero da kalgo da sabara, ya ajiye "tsirrai" sai darasin da ake bukatar haɗa su, ya bi hanyar da ta ɓulle. Na huɗu gargaɗi ne: bokon Hausa ba shi da alamar da za ta ceci kalma in kunne ya kasa rarrabe ta, ga shi kuwa yawancin aikin wayar da kai ta baki da rediyo ake yin sa. Duk kalmar da za a tsayar, a fara gwada ta a kunne.

Gwajin ba shi da tsada. Ana iya jera sunaye kamar ashirin, daga kuka zuwa tafasa, daga gero zuwa gansakuka, a tambayi manoma da makiyaya da masu magani a Maraɗi da Damagaram da Tawa wanne za su yarda a kira "tsiro", wanne ba za su yarda ba, da abin da za su ce a maimakonsa. Inda amsoshinsu suka rabu da ma'anar littafi, nan ne malamin aji zai bukaci ƙarin bayani, nan ne kuma ya kamata jagoran malami ya tanadar masa shi.